Gara a Ɗakin Littattafan Mama

Mahaifiyarmu ta yi shekara talatin da 'yan kai tana riƙe da laburaren wata makarantar sakandare a Samaru, kuma duk tsawon shekarun nan abu ɗaya take tsoro a duniya, shi ne gara. Ba ta tsoron shugaban makaranta, ba ta tsoron ƙattin ɗaliban nan masu raina malamai, ko maciji aka gani a bayan gida ita ke fara ɗaukar taɓarya. Amma ta ga ɗan siririn layin jar ƙasa ya hau bango, to ranar babu mai hutawa a gidan sai an tono inda ya fito.

Bara ta rasu. Tun daga lokacin ƙannena ke damuna wai in rubuta wani abu a kanta, tunda ni ce babba, ni ce kuma na zauna da ita a ƙarshe. Na zauna sau uku in rubuta irin yabon da ake karantawa a coci, hannuna ya ƙi. Abin da na yi mata ne ya tsaya mini a rai, shi kuma zan rubuta, wanda zai ji haushi ya ji.

Mama 'yar manoma ce, daga wani ƙauye can bayan Bomo. Iyayenta sun girma a kan addinin gargajiya kafin su shiga coci, kuma ita ce mace ta farko a gidansu da ta iya karatu. Ta auri Baba, ma'aikacin jirgin ƙasa, suka zauna a Muchia, cikin Sabon Gari. Mu shida ta haifa, amma ban taɓa sanin gidanmu da ƙasa da mutum goma sha biyu ba. Wannan ɗan yayanta ne ya zo karatu, wannan marainiya ce daga coci, wannan kuma mijinta ya koro ta za ta kwana biyu, kwana biyun ya zama shekara. Da Baba ya rasu ina aji biyu na sakandare, ita kaɗai ta ci gaba da jan mu duka. Kowa da kwanonsa, kowa da ranar shararsa, kowa da ƙusar da yake rataye kayan makaranta. In rigima ta tashi a dangi, ko a ƙauye ne, sai an zo Muchia ta yanke. Tana da faɗa, Allah ya sani, ni kuma a wurinta na gado.

Kullum da sassafe takan hau bas daga Sabon Gari, ta wuce Kwangila zuwa Samaru, da jakarta mai ɗauke da basilla, zare, almakashi da kwalbar gam. Makarantar ba ta cika sayen sabbin littattafai ba, don haka waɗanda ke nan ta raya. Littafi ya fara zubar da shafuka, sai ta huda gefensa da basilla ta ɗinke, ta manna masa ƙyallen atamfa a gadon baya, ta danne shi da dutse ya kwana. Ragowar ɗinkin kayanmu na Kirsimeti duk can suka ƙare. Nakan je wurinta bayan an tashi, in ga yadin rigata a bayan littafin lissafi. A cikin kowane littafi kuma akwai ɗan aljihun takarda da ta manna, da kati a ciki, inda duk wanda ya ara yake rubuta sunansa.

Maganin gara kuwa a rumbun mahaifinta ta koya, wanda aka ɗora a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa. Dokarta biyu ce. Kantar littattafai ba ta jingina da bango, sai an bar ratar da hannu zai shiga. Sannan kowace ƙafar kanta tana tsaye a cikin gwangwanin tumatir, an zuba baƙin mai na mota har rabi. Duk Juma'a takan durƙusa ta leƙa gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ja baya ta ƙara. Malamai har tsokanarta suke yi wai laburarenta warin gareji yake. Ta ce su yi ta faɗa, ba ta taɓa rasa shafi ɗaya ba.

Shekara biyu da yin ritayarta aka kawo sabon shugaba, ya ce za a mayar da laburaren ɗakin kwamfuta saboda jarrabawa. Tsofaffin littattafan kuma a ba masu ƙosai su yi ƙunshi. Wata malama ce ta zo har gida ta tsegunta mata. Mama ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauko a-kori-kura a tasha, ta tafi. Abin da ta gaya wa mutumin nan a ofishinsa ban ji ba, amma sawu uku motar ta yi, har da kantocin. Aka shirya su a ɗakin Baba, wanda ke rufe tun rasuwarsa, kowace kanta da gwangwanayenta. Daga nan duk Asabar yaran unguwa suke zuwa aro, ta sa su wanke hannu a bakin rijiya kafin su shiga.

Sai idanunta suka fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Muka yi ta ɗiga magani, muka kai ta Kaduna, muka kai ta Kano, babu abin da ya dawo. Cikin shekara uku ta daina ganin ko hasken taga. Ni lokacin mijina ya rasu, 'ya'yana sun girma, sai na bar gidana na Dogarawa na dawo Muchia. Ranar da na sauke kayana ta kira ni, ta kwance makullin ɗakin daga bakin zaninta ta sa mini a tafin hannu.

"Ba na roƙon ki ki karanta su," in ji ta, "na san ba ki da haƙurin zama. Man kawai za ki riƙa dubawa. Duk Juma'a."

Na ce, "Haba Mama, wannan ai ba aiki ba ne."

Kuma na yi, kusan shekara guda ina yi. Aron Asabar dai ya mutu, don ni ma'aikaciyar jinya ce, ba kullum nake gida ba, amma man ban fasa ba.

Sai auren 'yata ya taso, ana saura mako biyu Kirsimeti. Wanda ya san auren gidanmu ya san ƙauye gaba ɗaya ke tasowa. Gwaggonni, kakanni, matan zumunta, ga dangin ango daga kudancin Kaduna da za su kwana. Ina zan zuba su? Na tsaya a ƙofar ɗakin Baba, ɗaki mafi girma a gidan, na ga kantoci sun cinye tsakiyarsa, ga gwangwanaye baƙi ƙirin sun yi tsatsa, ga wari. Na ce a raina surukaina ba za su zo su ga wannan ƙazanta ba. Na samo kwalaye a kasuwa, na zuba littattafan, na jera su a ƙasa jikin bangon da ke kallon bayan gida, na rufe da tsofaffin zannuwa. Kantocin na tura su bango. Gwangwanayen na kwashe na zubar a bola. Na wanke ɗakin, na shimfiɗa tabarmi, har ina yaba wa kaina. Na ce ana gama biki zan mayar da komai, mako ɗaya ne kawai.

Mama ba ta sani ba. Gidan cike yake da hayaniya, ita kuma tana ɗakinta ana ta shigowa gaisuwa.

Aka gama biki, na kulle ɗakin, na ce sai na huta. Sai Kirsimeti. Sai aka mayar da ni aikin kwana a asibiti. Sai Mama ta yi zazzaɓin da ya kwantar da ita wata guda. Kullum ina cewa Asabar mai zuwa, ai dole in nemo gwangwanaye, in je wurin makanike, in sami mai kama mini kantocin. Duk Juma'a kuma, bayan addu'ar safe, sai ta juyo da fuskarta inda take jin motsina.

"Kin duba man?"

"Na duba, Mama."

"Bai ja baya ba?"

"Na ƙara."

Ni da na haura hamsin, mai jika, ina yi wa makauniyar uwata ƙarya duk mako, kuma tun ina jin nauyin abin har bakina ya saba. Da damina ta sauka, wata safiya ina shara na ga 'yar jar ƙasa ta fito ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin. Na san ko mene ne, a gidan wa na tashi? Amma na makara wurin aiki, sai na sa tsintsiya na share, na wuce. Wannan sharar ita ce ba na iya yafe wa kaina.

Wata Lahadi cikin watan Agusta muka dawo daga coci, na ga Mama tana ta fara'a. Ta ce in zauna.

"Na samo musu gida," in ji ta.

"Su wa?"

"Littattafan mana. Matar fasto ta ce za su buɗe wa yara ɗakin karatu a bayan coci. Na tambaye ta ko ƙasan siminti ne, ta ce siminti ne. Ran Asabar za su zo da mota. Kin ga ko yau Ubangiji ya kira ni, na san inda na bar su."

Na ce to, madalla. Na tashi, na jira ta kwanta hutun rana, na ɗauki makulli.

Warin ne ya fara tare ni, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zannuwan da na rufa suna nan yadda na bar su, har na fara cewa Allah na gode. Na kama ɗaya na ja, sai ya biyo hannuna a yage. Wayyo ni! Kwalayen sun zama ginin ƙasa, sun manne da bango tun daga ƙasa har sama. Na ɗauki wani littafi da ke sama, bayansa lafiya lau, ga atamfar Mama, ga ɗinkinta. Na buɗe, babu komai a ciki sai ƙasa da farar gara tana ta kai da kawowa. Na ɗauki na biyu, na uku, na goma. Na durƙusa ina tona da hannu biyu kamar mai neman gyaɗa, garar tana cizona ban ji ba. A cikin sawu uku na mota, abin da na tsamo da za a iya karantawa bai cika kwali ɗaya ba. Kantocin ma gara ta cinye su ta ciki, ka danna yatsa ya shige.

Na zauna a ƙasa na toshe bakina da zani don kada ta ji kukana. Ɗakinta da wannan bango ɗaya ne ya raba su.

Na kira ƙanena da ke bi na, wanda ke koyarwa a Samaru. Ya zo da yamma, ya leƙa, ya riƙe kai.

"Yaya, me kika yi haka?"

"Ka ga, ban kira ka don ka yi mini wa'azi ba. Kai sau nawa ka taka gidan nan bana? Ka faɗa mini yadda za a yi."

Ya ce a sayo fiya-fiya a fesa. Na ce a fesa wa me, ƙasa? Ya ce to a gaya mata gaskiya. Na ce ya shiga ya gaya mata, ga ƙofa nan. Ya tsaya yana kallon ƙofar, bai motsa ba. Mu biyu, da furfurarmu, muka tsaya a tsakar gida muna raɗa, babu mai iya shiga.

Ni ce na kawo shawarar banzan. Na ce tunda ba ta gani, mu cika kantoci da wasu littattafan, ta shafa ta yi sallama da su, matar fasto kuma in ja ta gefe in yi mata bayani. Ƙanena ya ce wannan hauka ne, amma shi ya tuƙa ni. Kwana uku muna yawo. Muka bi masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titin Samaru, inda ɗalibai ke sayar da nasu in sun gama, muka shiga kasuwar Sabon Gari lungu-lungu. Duk abin da ke da kauri muka saya, ban ma duba ko na mene ne ba. Muka aro kantoci biyu, na samo gwangwanaye da baƙin mai, na tsayar da su yadda take yi. Tarin ƙasar kuma muka ja shi ƙuryar ɗaki muka rufe da leda, don fitar da shi sai an wuce ta ƙofarta.

Har ɗinki na gwada. Na ɗauko basillarta, na yayyanka wani tsohon zanina, na zauna ina huda. Allurar da na yi shekaru ina yi wa mutane ba ta taimake ni da komai ba, takardar sai yagewa take, gam ya dame mini yatsu. Guda bakwai na iya yi, su ma a karkace. Na jera su a gaba, daidai inda hannu zai fara sauka, na haɗa da ɗan abin da ya tsira.

Ran Juma'a bayan addu'a ba ta tambayi mai ba. Cewa ta yi, "Kai ni in gan su."

Haka take faɗa, in gan su. Na kama hannunta, muka taka a hankali. Muna shiga ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Na ce ruwan sama ne ya ɗan shigo ta taga. Ta miƙa hannu, na kai shi kan kantar. Ta fara shafa katakon, ta daɗe a kai. Ta sauko kan littafin farko, nata ne, cikin waɗanda suka tsira, ta yi ɗan murmushi ta faɗi ko wanne ne, kuma daidai ta faɗa. Na biyu ma haka. Na uku ɗinkina ne. Ta bi ɗinkin da babban yatsa, sama da ƙasa. Ta buɗe bayansa tana laluben aljihun kati, babu. Ta ajiye shi, ta zarce can ciki ta jawo wani, ta jawo wani, hannunta yana ƙara sauri.

"Waɗannan na wane ne?"

Ta juyo da fuskarta wajena.

"Ina tambayar ki. Ina nawa?"

Sai ta saki hannuna, ta bi warin da kanta, tana laluben bango, har ƙafarta ta taɓa ledar. Ta durƙusa, abin da ta yi wata da watanni ba ta iya yi ba sai an riƙe ta. Ta ɗaga ledar ta cusa hannu. Ina tsaye ina kallo ta ɗago wani, ta matsa shi kaɗan, ya ruguje a hannunta, ƙyallen atamfar kawai ya rage da zare yana lilo. Gara ta hau mata hannu har gwiwar hannu, na matso zan kakkaɓe, ta ce, "Bari."

Na faɗi a gabanta na gaya mata duka. Bikin, kwalayen, gwangwanayen da na zubar, Juma'o'in da na yi ta cewa na duba, har ƙasar da na share. Na ce ta zage ni, ta dake ni, ta yi mini duk abin da ta ga dama. Da gaske nake, so nake ta yi faɗa ko na sami abin riƙewa.

Ta daɗe tana murza ƙyallen nan a yatsunta. Can ta ce, "Sunayen yaran fa? Katunan?"

"Sun tafi, Mama."

"Duka?"

"Duka."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in ɗaga ta, na ɗaga ta, ba nauyi ko kaɗan. A bakin ƙofa ta ce, "Ki bar ƙofar a buɗe kaji su shiga su ci, kada ta tafi a banza. In sun gama ku fitar ku ƙona, in ba haka ba za ta hau rufi." Ta sa na kira mata matar fasto a waya, ta ce mata kada su wahalar da mota, gara ta riga su. Matar ta tambayi yadda aka yi, Mama ta ce, "Tsufa ne, 'yata," ta miƙo mini wayar.

Washegari ni da ƙanena muka yi ta jida da kwanon sarki zuwa bayan gida. Abin jiƙe yake, rabi takarda rabi ƙasa, ga damina, wutar ta ƙi ci. Mu zuba kananzir ta tashi, ta koma ta kwanta tana hayaƙi. Kwana uku muna fama. Bayan gidan kuma nan tagar Mama take, iskar duk ta can take kaɗawa, babu wani filin da za mu kai. Na shiga na same ta zaune a bakin gado, ɗakin ya cika da hayaƙi, idanunta na zubar da ruwa, tana tari. Tun ranar Juma'a ba ta ci abin kirki ba. Na ce ta zo in mayar da ita ɗakina, ta ce nan ya yi mata. Na je na jawo tagar na rufe, na sa sakata.

"Wa ya ce ki rufe?"

"Mama, hayaƙin zai kama miki ƙirji."

"Buɗe," in ji ta. "Nawa ne. Bar ni in ji su."

Na buɗe. Na zauna kusa da ita a bakin gadon, hayaƙin yana ta shigowa.